Fitilar Rahila a Lungunan Nima

A Aflawo, bakin iyakar Togo da Gana, na sauko daga mota ƙafafuna a kumbure, buhun ƙoraina a kafaɗa, wuƙaƙen sassaƙa kuma a naɗe cikin tsumma a ƙuguna. Sunana Iliya, daga wani ƙauye a kudancin Katsina. Sassaƙar ƙwarya na gada, kuma wani direba ne ya ce mini a Akra baƙi na rububin irin aikina. Maganarsa ce ta ɗago ni.

Ina cikin waige-waige wani mai farar riga ya ji ina tambaya da Hausa, ya matso.

"Ɗan'uwa, daga ina?"

Na faɗa masa. Ya dafa ƙirji ya ce ai kakarsa ma 'yar Malumfashi ce. Ban san sanda na fara washe baki ba, don tun Legas ban ji wanda ya ambaci garin da na sani ba. Ya leƙa buhun, ya ɗaga ƙwarya ɗaya yana juya ta a rana, ya yaba. Sannan ya rage murya ya ce ma'aikatan iyaka za su ƙwace su in sun gan su a hannun baƙo, amma shi sun san shi. In tsallaka da ƙafa in jira shi gindin wata bishiya, zai biyo da kayan ta baya.

Na jira. Inuwa ta bar wannan gefen bishiyar ta koma wancan, na bi ta. Wata mai sayar da ruwan leda ta gaji da ganina, ta miƙo mini ɗaya ba ta karɓi komai ba, ta yi wata magana da yarensu tana girgiza kai. Ban ji yaren ba, amma na gane. Aikin rani guda ya tafi. Na shafa ƙuguna na ji wuƙaƙen suna nan. Da su na shiga motar Akra.

A tasha aka ce in nemi Nima, can Hausa take. Na hau ƙaramar bas ɗin da suke kira torotoro, na sauka inda na ji ana kiran sunan. Nima ba ta yi kama da ko'ina da na sani ba. Lunguna ne da mutum biyu ba sa iya jerawa, ruwan wanka na bin tsakiya, kwanon rufin wannan gida na taɓa na wancan. Kowa yana Hausa, amma wata iri. Su ce wa mace "ya zo", su cusa yaren Asante da Turanci a tsakiya, su wuce su bar ka da baki buɗe. Na yi ta zagaye har na ga ina wuce teburin mai shayi ɗaya sau da yawa.

"Kai baƙo," in ji mai shayin, wani tsoho Bazabarme da ake kira Baba Seidu. "Tun ɗazu kana gaida burodina da ido kamar surukinka. Zo ka zauna."

Ya ba ni shayi da burodi, bai tambaye ni kuɗi ba. Da aka kira magariba ya miƙo mini buta.

Na ce, "Baba, ni Kirista ne."

Ya tsaya da butar a hannu, ya dube ni sama da ƙasa. "Bahaushe? Daga Katsina?"

"Tun kakana."

"Ikon Allah. To tsare mini tebur in je in dawo. Kada ka bar yaran nan su taɓa sukari."

A kan bencinsa na riƙa kwana har ruwan sama ya fara korata.

Aikin da na fara samu dako ne a Kasuwar Malam Atta. Na ɗauki buhunan masara, na ɗauki doya, na ɗauki kwandunan tumatir da ke ɗiga a wuyana. Matan kasuwa suna kirana Alata, sunan da suke ba duk ɗan Najeriya. Wasu su sa ka kai kaya har bakin titi, sannan su shige mota suna yi maka magana da yaren da suka san ba ka ji. Ba na faɗa. In na dawo sai in zauna in wasa wuƙaƙena, ko da ba ni da abin sassaƙawa, don kada hannuna ya manta.

Wata safiya na ga mai koko da ƙosai ta lungunmu, Hajiya Memuna, za ta jefar da babbar ƙwaryarta da ta tsage. Na roƙe ta, na ɗinke tsagar, na zana mata ganye a baki, na mayar. Ta juya ƙwaryar ta sake juyawa.

"Alata, kai ne ya yi wannan? Kana da hannu haka kana ɗaukan doya?"

A Nima aka haife ta, amma mahaifinta Basakkwace ne da fataucin goro ya kawo shi. Ita ta ba ni hayar ɗan ɗaki a bayan gidanta, ita kuma ta nuna wa sauran masu koko aikina. Da haka na samu ɗan gefe a kasuwa na kafa tebur.

Coci ma na samu, a wani ajin makaranta a unguwar Maamobi da ake ara mana ranar Lahadi. Akwai mutanen Bolga da Bawku na arewacin Gana, da 'yan Nijar, da mu. Hausa ce kaɗai ta haɗa mu, sai a yi sujada da ita. A ajin nan Anti Afiya, malamar makarantar Lahadi, take koya wa manya karatu da yamma. Na shiga da furfura a gemuna. Alƙalami ya fi wuƙa gardama, amma ban fasa ba.

Duk da haka ban taɓa zama daram ba. Abin ya fi tsanani in watan goma ya kama. A Akra ba abin da ke canjawa, motoci ne da hayaniya, amma jikina ya san kaka ta yi a gida. Hancina ya yi ta neman ƙamshin tumu a wuta. A ƙauyenmu, kafin a kai dami coci don godiyar kaka, mata sukan daka gumba da sabon gero, a zuba a ƙorai, a aiki yara gida gida, na Kirista da na Musulmi. Yaro ba ya shiga haka kawai. Sai ya tsaya a ƙofa ya yi sallama, ya faɗi sunansa da na ubansa, ya ce an ce a kawo muku sabon hatsi. Ina tuna wannan sai in kasa zama, in tashi in bi titi har Maamobi in dawo ba abin da na je yi.

A ƙauye na baro matata Talatu da 'yarmu Rahila tana koyon magana. Shekaru suka yi ta wucewa ina cewa baɗi zan je. Sai wata rana aka kira ni aka ce 'yan bindiga sun shiga ƙauyenmu. Talatu ta ɗauki Rahila suka faɗa cikin rumbu, ta ja murfin. Ta wata 'yar kafa yarinyar ta ga mutanen suna wucewa, fuskokinsu a naɗe, ido kawai a waje. Ba a taɓa su ba, amma an ƙone rabin gari. Na tattara abin da nake da shi na aika, suka biyo hanyar da na biyo.

A tasha na ga Talatu ta rame, na ga wata doguwar yarinya a bayanta riƙe da gefen zanenta. Na durƙusa na ce, "Rahila, ni ne Baba." Ta ƙara shigewa bayan uwarta.

Haka muka zauna a ɗaki ɗaya. Ba ta kirana da kowane suna. In tana son abu sai ta ce, "Mama, ki ce masa ya matsa." In aka buga ƙofa da ƙarfi sai ta shige ƙarƙashin gado. Talatu kuma ba ta kwance jakarta ba, sai dai ta zaro abin da take bukata ta sake zugewa. Na ce bari in sayo mata turmi, ta daina aron na Hajiya.

"Baban Rahila, me zan yi da turmi? Zama na ce maka na zo yi?"

Na san in ta ɗauki jakar nan ta koma da yarinyar, ba zan sake samun su ba, don ni ba ni da abin komawa.

Wani ɗan cocinmu ya sama wa Rahila gurbi a wata ƙaramar makaranta a New Town. Ta fara zuwa, ta fara kama 'yan kalmomin Turanci, har wata rana na ji ta tana waƙa a bayan gida. Na ce to, an kama hanya.

Cikin watan goma wata madam ta zo teburina daga unguwar masu kuɗi, direbanta na biye da ita da kankana da kabewa. Ta nuna mini hoto a wayarta, kabewa da aka fafe aka yi mata idanu da haƙora kamar na kura, wuta na ci a ciki. Ta ce bikin Halowin za su yi, tana son irinsu da yawa. Da yamma na tambayi Baba Seidu mene ne Halowin.

"Tashen Turawa ne," in ji shi. "Yara su yi shigar dodanni su bi gidaje a ba su alewa. Da a talabijin muke gani, yanzu manyan kantuna sun ɗauka, makarantu ma sun fara kwaikwayo. Abin da Bature ya yi tari, Akra sai ta yi atishawa."

Ranar Lahadi kuwa Fasto ya ce bikin matattu ne da aljanu, kada ɗan ikilisiya ya kai 'ya'yansa. Na zauna tsakanin maganganun biyu ina juyi. Aikin dai na yi shi, don ina bukata, amma a kasuwa na bar shi, ban kai ko ɗaya gida ba. Wuƙar da ta saba zana ganye da tsuntsu ta yi ta fitar da haƙora, raina bai so ba.

Abin da ban sani ba, makarantar su Rahila ma ta sa ranar shigar dodanni. An faɗa wa yara da Turanci, Rahila ba ta gane ba, Talatu ba ta jin Turanci, ni kuma ba a gaya mini komai.

Ranar Juma'a da hantsi malamarsu ta zo kasuwa tana haki. Ta ce yara sun shigo aji da fuskokin roba da baƙaƙen mayafai suna ihu don wasa, Rahila ta yi ƙara ta fita da gudu ta ƙofar baya, ba a gan ta ba.

Na bar tebur a buɗe. Na bi New Town lungu lungu, na gangara Nima, na haura Maamobi. Na leƙa babban kwalbatin da ya ratsa unguwa. Na tambayi masu gyaran babur, na tambayi masu kitso, na tsayar da yaran torotoro. Talatu na bin ɗaya gefen ba takalmi tana kiran sunanta. Baba Seidu ya sa aka yi cigiya a lasifikar masallaci bayan an sauko daga Juma'a, aka ce yarinya 'yar Najeriya mai kayan makaranta ruwan ƙasa. Mutanen da ban taɓa yi wa magana ba suka bazu nema.

Wajen la'asar wata mai sayar da hatsi 'yar Bawku, wadda na sha yi wa dako, ta aiko a kira ni. Ta nuna mini bayan rumfarta. Rahila na tsugune a tsakanin buhunan gero, ta cusa fuskarta a jikin ɗaya.

"Yanzu na gan shi," in ji matar. "Na ba shi ruwa, ya ƙi magana."

Na gane abin da ya kawo ta nan. Duk Akra nan ne kaɗai ke ƙamshin rumbu. Na durƙusa na miƙa hannu na ce ta zo. Ta dube ni, ta mayar da fuskarta jikin buhun. Sai da Talatu ta iso ta fito.

Da muka koma ɗaki Talatu ta jawo jakarta tsakar ɗaki.

"Za mu tafi Funtuwa wajen yayana. Can in an rufe fuska na san gudu zan yi. Nan kuma a rufe fuska a ce mini wasa ne?"

"Talatu, ki ba ni lokaci."

"Shekara nawa na ba ka? Da mota ta samu za mu bi."

Rahila ta daina zuwa makaranta. Ta daina fita ko tsakar gida.

Ranar Lahadi bayan sujada aka tsayar da iyaye, a shawarta abin da za a yi wa yara a daren bikin, don kada su bi 'yan unguwa. Dattijo Ayuba ya ce a tara su a yi azumi da addu'a.

"Dattijo," in ji Anti Afiya, "yaran da ko wa'azin Fasto ba sa kaiwa ƙarshe ido biyu?"

"Ina jin ki, Anti," in ji Fasto, aka yi dariya.

Ita shawararta a yi shigar mutanen Littafi Mai Tsarki. A samu Dauda da Goliyat, a samu Daniyel, a yanka kwali a yi wa ƙanana fuskokin zakuna. Kowa ya ce ya yi. Ni ban saba magana a taro ba, amma na ga na miƙe.

Na ce, "Anti, ki gafarce ni. Zakin Daniyel ma fuska ce a rufe. 'Yata ba za ta tambaya ko daga wane littafi ya fito ba."

Duk mutanen ajin sun san abin da ya faru. Anti ta ce, "To Malam Iliya, me ka gani?"

Na ba su labarin gumbar kaka. Na ce su can suna rufe fuska su je karɓa, mu bari namu su buɗe fuska su je bayarwa, kowa ya faɗi sunansa a bakin ƙofa. Na ce tun da wuta a cikin kabewa ke burge yara, zan fafe musu ƙorai su riƙe kamar fitila. Anti ta ce in haka ne a sassaƙa sunan kowane yaro a jikin tasa, ai na iya haruffa yanzu. Ban taɓa sassaƙa harafi ba, amma na ce to. Fasto shi damuwarsa maƙwabta, kada su ɗauka wa'azi muka fito yi gida gida. Na ce bari in tambayi Hajiya.

Hajiya Memuna na tsame ƙosai na yi mata bayani.

"Gumba?" Ta ajiye matsami. "Tun rasuwan babana ban ci gumba ba. Ku kawo, ni zan shiga gaba, in ga wanda zai yi magana. Amma wutan me za ku sa a ciki?"

"Kyandir."

"Kyandir! A Nima? A hannun yara? Alata, kana so ka ƙona mini gida ka koma Najeriya? Babu kuraa, ko kusa."

Gaskiyarta. Ni ina tunanin filin ƙauyenmu ne, na manta a nan gida ɗaya in ya kama, unguwa ta kama. Anti ce ta samo mana ƙananan fitilu masu batir, irin na jikin makullin mota.

Na kwaso ƙorai na zauna a bakin ƙofar ɗakinmu ina aiki, na juya wa ɗakin baya. Na yi wa wani tauraro, na yi wa wata kifi. Sunayen suka fi ba ni wuya. Sai in rubuta da gawayi, in kai wa Anti ta duba, sannan in sa wuƙa. Ina jin motsi a bayana, ban waiga ba. Da na zo kan ta Rahila na rasa me zan zana. Talatu ta taɓa ce mini yarinyar ta bar wata zabuwa a gida da take ba tsaba da hannunta. Na fara fitar da ita.

"Ba haka take ba."

Muryar daga bayana ta fito, kuma ba ta ce "Mama, ki ce masa" ba.

Na ce, "Yaya take?"

"Wannan kaza ce. Zabuwa bayanta a gantsare yake. Kuma ina ɗigo-ɗigonta?"

"Idona ba ya ganin ƙanana. Ko za ki huda mini?"

Can sai hannu ya zuro ta gefen kafaɗata. Na sa masa ƙusa. Ta zauna daga cikin ɗaki, ƙwaryar a kan dokin ƙofa, ta yi ta huda har hasken rana ya ƙare. Da na sa 'yar fitila a ciki, ɗigon haske ya watsu a bango da rufi da fuskar Talatu. Rahila ta bi su da ido. Ba ta ce za ta fita ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Ranar bikin Talatu ta ari turmin Hajiya, ita da matan zumuntar cocinmu. Ta damƙi geron da na sayo ta shinshina.

"Wannan ne sabon hatsin? Wannan ai ya girmi Rahila."

"Shi kasuwa ta ba ni."

"Allah ya shirye ka, Baban Rahila." Amma ta daka, kuma na ga tana gyara wa matan Bolga yadda ake cura gumba, tana yi musu faɗa kamar a tsakar gidanmu. Jakarta dai na nan a zuge.

Da aka fito daga sallar magariba yara suka taru a tsakar gidan Hajiya, kowa da fitilarsa, suna ta haska sunayensu a bango. Talatu ta ɗauki babban faranti a kai, hannu biyu na riƙe da shi. Fitilar Rahila na ajiye a bakin ƙofa. Aka fara fita. Na tsaya ina gyara takalmin da ba abin da ya same shi. Sai na ga hasken ɗigo-ɗigo ya tashi daga ƙasa ya biyo bayan uwarta.

Gidan farko wani tsoho ya leƙo ya ga yara da fitilu suna waƙa, ya ce, "Tashe ba azumi ba?" Ya koma ciki ya fito da biskit. Yaran suka ce a'a, su kawowa suka yi. Ya ce bai taɓa ganin yaro ya yi waƙa a ƙofarsa ya tafi hannu wofi ba, kuma ba zai fara yau ba. Hajiya ta ce, "Ku karɓa kawai, wannan tsohon ya fi ku taurin kai." Haka aka yi ta yi. Mu ba da gumba, a ba mu lemo, a ba mu gyaɗa, wata ma ta zubo mana shinkafa da wake a leda. Farantin Talatu maimakon ya ragu sai nauyi yake ƙarawa. Kowane yaro ya faɗi sunansa a ƙofa, Rahila kaɗai ba ta buɗe baki ba. Tana tafe dai, a manne da uwarta.

Mun shiga wani matsattsen lungu ke nan sai wani abu ya diro daga kan katanga, da farar fuskar roba mai baki a wage, yana gurnani. Yara suka watse suna ihu. Rahila ta sandare. Na ga idonta na neman hanyar gudu, na ga ta kai hannu wajen uwarta, amma hannayen Talatu na sama riƙe da faranti. Sai na ji an damƙi yatsuna, damƙa mai zafi. Ban motsa ba. Na ce a hankali, "Ina nan."

Hajiya ta taka ta fizge fuskar robar. Sai ga jikanta, majina har leɓe, yana ƙifta ido.

"Abdul Razak! Wa ya aike ka? Fuskanka na gaskiya ma ya isa ba mutane tsoro, sai ka ƙara wani? Gaida mutane!"

"Ina wuni," in ji dodon.

Rahila ta dube shi, ta dubi robar da ke lilo a hannun Hajiya kamar tsumman goge tukunya. Wata 'yar dariya ta kuɓuce mata ta hanci. Ba ta saki hannuna ba. Hajiya ta ɗora wa jikan ledar lemo ta ce ya biyo mu, hukuncinsa ke nan.

Teburin Baba Seidu ne zangonmu na ƙarshe, a bakin titi inda motoci ke wucewa da kiɗa. Ya rage wutar shayinsa ya sunkuyo yana kallon ɗigon haske a kan tebur.

"Wannan mai zabuwar fa, wace ce?"

Ya san ta sarai. Shi ya sa aka yi cigiyarta. Na buɗe baki zan amsa, Talatu ta taka mini ƙafa.

Rahila ta ɗaga fitilar daidai fuskarta.

"Ni ce Rahila, 'yar Iliya. An ce a kawo maka sabon hatsi."

Baba Seidu ya karɓi curin gumba da hannu biyu, ya gutsura, ya tauna a hankali. "Sabo?" ya ce. "To, Allah ya kai mu na baɗi." Ni kuwa na juya ina kallon titi, kamar akwai motar da nake jira.

Ba zan ce komai ya warware ba. Har yanzu in an buga ƙofa da ƙarfi Rahila na zabura, kuma sai da aka ɗauki lokaci kafin ta yarda ta koma makaranta, ni nake raka ta har bakin aji. Ni ma in watan goma ya kama ƙafafuna ba sa zama wuri ɗaya.

Amma a daren nan da muka dawo, Rahila ta rataye fitilarta a ƙusar da ke saman gado, ta kwanta tana kallon rufi. Talatu ta zauna tana rarraba lemo da gyaɗar da aka tara mana. Ta dubi jakarta, ta dubi yarinyar.

"Turmin Hajiya ya cika faɗi," ta ce. "Gero sai tsalle yake yana zubewa. Gobe in ka je Malam Atta ka duba mana mai zurfi. Kuma ka ƙwanƙwasa shi tukuna, kada su ba ka mai tsaga."